Darasi na 11: Kare ba bunsuru ba ne

Mu karanta

Wani manomi a Mai Wurno, a ƙasar Sudan, yana da jan kare mai tsaron gonarsa ta bakin kogi. Da rana ya kori birai da awakin mutane, da dare ya kwana a ƙofar garke. Shekara biyu ba a taɓa yi wa mutumin nan ɓarna ba. Ana nan sai kare ya tsiri yawo. Da zarar wata karya ta shiga lokacin barbara a unguwa, sai ya yi kwana uku ba a ga ƙeyarsa ba. Ran nan ya dawo kunne a yage, yana ɗingishi, ƙudaje na bin sa.

Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam, kawo shi in dandaƙe maka shi, yadda na yi wa bunsurunka bara. Yanzu-yanzu sai a gama."

Babban ɗan manomin ya ce, "Baba, da dai an fara tambayar baiɗari."

Ranar kasuwa suka shiga garin Sinnar, suka sami baiɗari, wato likitan dabbobi. Bayan an gaisa, manomi ya ce, "Likita, abu biyu nake tsoro. An ce in aka yi wa kare fiɗiya sai ya zama rago, ya daina haushi. An kuma ce gashinsa zubewa yake yi."

Likita ya yi dariya ya ce, "Baba, haushi ba a maraina yake ba. Gashi kuma mu zauna in yi maka bayani. Amma kafin nan, don Allah kada ka bari a dandaƙe shi a gida. Kare ba bunsuru ba ne."

Sababbin kalmomi

Malami ya rubuta su a allo, kowa ya karanta da ƙarfi: fiɗiya, dandaƙa, maraina, barbara, sinadari, ɗinki, rigakafi. A lura da ɗ mai lanƙwasa a fiɗiya da ɗinki, da ƙ mai lanƙwasa a dandaƙa.

Mece ce fiɗiya?

Dukanmu mun san dandaƙa. Ana murƙushe jijiyar maraina ta waje, ba a tsaga fata ba, daga baya su shanye. Haka ake yi wa bunsuru ya zama taure, haka ake yi wa sa. Fiɗiya kuwa tsagawa ake yi a fitar da 'ya'yan maraina gaba ɗaya.

Kare fiɗiya ake yi masa, kuma aikin likita ne. Ƙarfen da ake dandaƙe shanu da shi, da zoben roba da ake sa wa 'yan raguna, ba don kare aka yi su ba. Jakar marainan kare ba ta rataye da dogon wuya irin ta bunsuru, a manne take da jiki, kuma kare yana kai bakinsa wurin. In an ɗaure masa roba zai yi ta cizo har ya yage kansa. In an yanke da wuƙa ba a ɗaure jijiyar jini ba, jijiyar kan koma ciki ta yi ta zuba ba wanda ya gani. Likita yana yi masa allurar barci, ya aske wurin, ya wanke, ya ɗan tsaga, ya ɗaure jijiya, ya ɗinke. Aikin bai cika kai awa ɗaya ba, kuma yawanci a ranar ake komawa gida.

Maraina aiki biyu suke yi. Suna yin iri, suna kuma yin wani sinadari da likitoci ke kira testosteron, wanda ke shiga jini. Shi ne mai sa kare neman karya, da faɗa da 'yan'uwansa maza, da ɗaga ƙafa yana fitsari a kowace bishiya. Canjin halin da za ka gani bayan fiɗiya, daga rashin wannan sinadari yake.

Akwai mai tambaya, to addini fa? Hadisi ya inganta cewa an yarda a ajiye kare don tsaron gona, ko kiwo, ko farauta. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Game da dabbar da ba a cin namanta malamai sun yi saɓani, wasu suka hana, wasu suka yarda in akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je wa malaminsa. Abin da ba saɓani a kai shi ne haramcin azabtar da dabba.

Maganar gashi

Inda aka aske, gashi zai tsiro cikin makonni, ya cike cikin wata biyu ko uku. Wannan ba abin damuwa ba ne.

Zancen cewa fiɗiya na canza gashi yana da tushe, amma ba a kan karnukanmu ya faɗo ba. Karnukan Turai masu dogon gashi mai santsi su ne gashinsu kan yi laushi bayan fiɗiya, ya yi kauri kamar auduga, ya rage sheƙi, ya riƙa cukurkuɗewa. Ba ciwo ba ne, tajewa kawai yake so sau biyu ko uku a mako. Wanda ke da irin waɗannan a Khartoum ko Madani ya kula da wannan, don gashi mai kauri a zafin watan Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, wahala ce. Karen ƙauyenmu gajeren gashi gare shi, a kwance a jiki. Shi da dogon siririn karen farauta da Larabawa ke ji da shi, da wuya ka ga wani bambanci a jikinsu.

Saboda haka in gashin karenka yana zuba bayan fiɗiya, kada ka ɗora wa fiɗiya laifi, ka duba abin da ke cin sa. In yana susa ba dare ba rana, fata ta yi ɓawo a gefen kunne da gwiwar hannu, ƙazuwa ce. In ka buɗe gashi ka ga baƙin gari kamar barkono, ƙuma ce. Kaska kuwa ba ta ɓuya, tana cikin kunne da tsakanin yatsu, kuma tana sa wa kare zazzaɓi da ƙarancin jini. Gashi busasshe da ƙaton ciki a jikin ƙaramin kare, tsutsar ciki ce. Wani lokaci ma yunwa ce kurum: karen da ba ya samun komai sai ƙanzon asida da guntun kisra, ba ƙashi ba kan kifi, ina gashinsa zai yi sheƙi?

Ni kam abin da ya fi ba ni takaici shi ne baƙin man mota da ake shafa wa kare mai ƙazuwa. Yana ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa. Maganin ƙazuwa yana wurin baiɗari, kuma bai kai kuɗin ɗan akuyar da dila zai ɗauke ba ranar da karenka ya kwanta.

Ga wani abin mamaki. Akwai lokacin da fiɗiya ce ke dawo da gashi. Tsohon kare kan sami ƙari a maraina, ƙarin ya riƙa fitar da sinadarin mace. Sai gashi ya zube daidai wa daida a gefe biyu na jiki, ba ƙaiƙayi, fata ta yi duhu, nonuwansa su kumbura, har karnuka maza su riƙa bin sa. In aka fitar da marainan, gashi kan dawo cikin 'yan watanni. Wannan ƙari ya fi kama karen da ɗaya daga marainansa bai sauko ba, ya maƙale a ciki. Duba karenka: in ya wuce wata shida kana ganin ɗaya kawai, wannan fiɗiyarsa ta zama dole.

Abin da ake samu, da abin da ba a samu

Karen da aka fiɗiye ba zai yi ciwon dajin maraina ba, tunda babu su. Akwai kuma wani ƙullutu a gindin mafitsara da ke kumbura a jikin yawancin tsofaffin karnuka maza, ya sa su yunƙurin kashi da ɗigon jini a fitsari. Fiɗiya tana hana wannan kumburi, ko da yake ba ta hana ciwon daji a wurin. Sannan akwai wani tsiro mai jini, kamar ɗanyen nama, da ke fitowa a gaban karnuka masu yawo. Ta barbara suke ɗaukarsa, kuma ya yi yawa a ƙasashe masu zafi irin tamu. Wanda ya daina barbara ya nisance shi.

Yawo da faɗa da sauran maza suna raguwa a wurin yawancin karnuka, ba duka ba. Tsohon da ya shekara biyar yana tsallake danga ya riga ya saba, sai ka haɗa da gyaran danga. Tsaro kuwa yana nan. Kare yana tsare wurin da yake ci yake kwana, kuma wanda ya kwana a gona ai ya fi wanda ya kwana a bayan karya. Amma karen da ke cizo saboda tsoro, ko saboda yara na jifarsa, fiɗiya ba za ta gyara shi ba.

Fiɗiya ba rigakafin haukan kare ba ce. A maimaita wannan a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kusan duka ta cizon kare. Allurarsa daban take, ana farawa tun kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. Tunda ka riga ka kai shi, sai ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wanda kare ya ciza kuma, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Akushi

Babbar illar fiɗiya ƙiba ce. Jikin kare ya rage ƙona abinci, cin sa kuma ya ƙaru. A nan ne mutane ke cewa ya zama rago, alhali nauyi ne ya yi masa yawa. Ƙiba tana cin gwiwa, tana sa haki, tana rage kwana. Maganinta yana hannun uwargida, don ita ke zuba masa. A rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba ba shi, a bar shi ya riƙa bin mutane gona. Ga gwaji mai sauƙi: shafa gefen ƙirjinsa. In kana jin haƙarƙari ba tare da ka danna ba, amma ba ka hango su daga nesa, daidai yake. In sai ka danna, a rage. Huhu da hanta masu ƙulli-ƙullin ruwa da ake yarwa a mahauta, kada a ba shi ɗanye, daga nan tsutsar da ke komawa jikin mutum take fitowa.

Yaushe?

Kada a yi gaggawa. Sinadarin nan yana taimaka wa ƙashi ya gama girma a kan lokaci. A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun binciki wani irin babban kare mai dogon gashi, suka ga mazan da aka fiɗiye kafin shekara ɗaya sun ninka sauran wajen ciwon ƙugu. Don haka ƙaramin iri ana iya yi masa daga wata shida, babban iri a bari ya cika shekara. Na manomin nan ya wuce biyu, ba abin jira sai kunnensa ya warke.

A ƙasarmu lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ƙuda ya yi yawa, kuma in ya sami ciwo ƙwai zai saka, kwana biyu ka ga tsutsa.

Kafin aiki da bayansa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jajibere a tanadi igiya, da wuri mai inuwa, da tsohon buhu mai tsabta. Likita zai ce a hana shi abinci, yawanci tun daga dare, don kada ya yi amai cikin barci ya shaƙe.

In an dawo gida zai yi ta layi kamar mai maye, a bar shi ya kwanta, a hana yara damun sa. Kwana 10 zuwa 14 ba gudu, ba wanka, ba shiga kogi ko hanyar ruwan gona. Babban abokin gaba harshensa ne, don da shi zai warware ɗinki. Sami tsohon bokitin roba, ka yanke gindinsa, ka goge kaifin, ka zura masa a wuya ka ɗaure da ƙyalle, bakin bokitin ya wuce hancinsa. Zai yi fushi kwana ɗaya ya haƙura. Kwali mai ƙarfi da aka naɗe kamar mazurari shi ma yana yi.

Duba wurin safe da yamma. Ɗan kumburi a kwanakin farko ba komai. Amma in jini ya ƙi tsayawa, ko mugunya ta fito da wari, ko ɗinki ya buɗe, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya kwana biyu bai ci ba, a koma wurin likita. Kada a zuba toka ko gishiri. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare su kashe ƙoda.

Abu ɗaya da ake mantawa: sauran iri yana nan a jikinsa har mako huɗu zuwa shida. In aka sake shi a wannan tsakani, yana iya ba karya ciki, bayan wata biyu maƙwabci ya zo yana cewa likita ya cuce ka.

Aiki

1. Me ya sa likita ya ce kare ba bunsuru ba ne? Kowa ya faɗa da bakinsa kafin ya rubuta.
2. Cike gurbi: Fiɗiya ba ________ haukan kare ba ce.
3. Uwargida tana zuba wa kare ludayi 8 kullum. An ce ta rage kashi ɗaya cikin huɗu. Ludayi nawa za ta zuba yanzu?
4. An yi aiki ranar 3 ga Disamba. In za a cire zare bayan kwana 14, ran nawa ga wata ke nan?
5. A gida, shafa haƙarƙarin karenku ko na maƙwabci in yana da sabo da kai, ka duba cikin kunnensa. Rubuta jimla uku a kan abin da ka gani, ka zo da su ranar darasi na gaba.