Yadda Ake Kai Ƙorafi Kan Masu Zubar da Shara Barkatai a Kano

Idan aka mayar da lungu, kango ko magudanar ruwa ta unguwarku juji, abu na farko shi ne ku san inda za ku kai kuka. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, kuma waɗanda ke ƙwaryar birni, irin su Dala, Gwale, Fagge da Tarauni, suna da jami'an duba-gari. Sai dai a aikace manyan motocin kwasa suna hannun REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha. Saboda haka gidan da ke aiken yaro ya juye bokiti a kwata aikin duba-gari ne, bolar da ta cinye rabin titi kuwa sai REMASAB.

Kafin ku je ko'ina, ku tara hujja. Ku ɗauki hoton wurin a ranaku daban-daban, ku rubuta lokacin da ake zubarwa, in kuwa tifa ce ko mai baro ke kawo ɓaraguzan gini da daddare, ku riƙe lambar motar ko ku gano inda ake ɗebo kayan. Kada ku kama yaron da aka aiko ku yi masa duka, domin wanda ya ba shi kuɗi ya ce ya kai ko'ina shi ne mai laifin.

Daga nan sai wurin mai unguwa, kuma a ganina wanda ya tsallake shi ya wahalar da kansa. Shi ya san mai kangon, shi zai iya kiran magidanta ya ja musu kunne ba tare da zumunci ya ɓaci ba, kuma takardar da ke ɗauke da sa hannunsa da na maƙwabta ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a sakateriyar ƙaramar hukuma. Ku rubuta ta a taƙaice, ku ambaci unguwa, layi da alamar da za a gane wurin, ku ba kansilan mazaɓarku kwafi, ku ajiye naku.

Duba-gari yakan fara da ziyara da takardar gargaɗi mai wa'adi, wanda ya yi kunnen ƙashi ne ake gurfanarwa. Ranar tsaftar muhalli, wato Asabar ɗin ƙarshen wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar masu karya doka nan take, don haka yana da kyau takardarku ta isa kafin ranar.

Kwashewa kaɗai ba ta kashe juji. Ranar da mota ta tafi, ku matsa wa mai filin ya katange shi, sannan ku daidaita da mai baro guda da zai riƙa kai sharar layinku matattarar da hukuma ta ware. Ku yi haka kafin damina, domin ledar da aka bari a kwata ita ce ke toshe hanyar ruwan da ke gangarawa rafin Jakara har ya dawo cikin gidaje.