Yadda ake narkar da gishiri har ruwa ya ƙoshi

Masu yawan tambayar yadda ake narkar da gishiri har ruwa ya ƙoshi, wato ya daina narkar da ƙarin gishiri, ga matakan:

1. Auna ruwa mai tsabta mililita 100 a kofin gilashi.
2. Auna gishiri giram 40.
3. Zuba rabin cokali cikin ruwan.
4. Juya har ya ɓace.
5. Ƙara wani rabin cokalin, ka sake juyawa, ka ci gaba da yin haka.

Hattara: kada ka juye duka lokaci guda, ba za ka gane inda ruwan ya ƙoshi ba.

6. Dakata idan ƙwayoyi suka kwanta a ƙasa, sun ƙi narkewa. A ɗumin digiri 20, hakan na faruwa wajen giram 36. Dafa ruwan ba zai ƙara wani abin kirki ba. Sukari ne zafi ke taimaka wa sosai.
7. Tace ruwan da takardar tacewa.