Yadda za ka nemo hanyar mota a Legas da wayarka

Baƙon da ya sauka Agege ko Mile 12, abin da ke fara ruɗa shi ihun kwandastan danfo ne, wato ƙananan motocin bas na haya. Google Maps na rage wannan wahala.

Da farko, janyo saman allon wayarka ka kunna alamar wuri. Sai ka buɗe manhajar, ka jira shuɗin ɗigo ya tsaya daidai inda kake.

Na biyu, rubuta sunan inda za ka, misali Obalende. Haɗa da sunan unguwa ko tasha mafi kusa, don tituna masu suna iri ɗaya sun yi yawa a garin nan.

Na uku, danna Directions, wato neman hanya, sannan hoton bas. Nan ne ake son natsuwa. Duba inda za ka hau da inda za ka canza mota, ka haddace sunan tashar sauka, domin shi kwandasta ke kira. Daga Mile 12 akwai BRT, manyan bas masu layinsu na musamman, da ke zuwa TBS (dandalin Tafawa Balewa), amma sai da Cowry, katin biyan kuɗin mota, mai kuɗi a ciki. Shi ne kuma katin jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Lokacin da manhajar ta ƙiyasta kuwa, ni ban cika yarda da shi ba, musamman ranar ruwan sama.

Na huɗu, ɗauki hoton allon tun kana gida, saboda taswirar da aka sauke ba ta nuna hanyar bas in babu data.

Kafin ka fita, tura wa ɗan'uwa wurin da kake ta WhatsApp, ka zaɓi live location, mai nuna inda kake kai-tsaye, na awa 8.