Yadda ake binciken kolestarol da ciwon ƙoda da ɓerayen jini ɗaya

Ɓeran jini ɗaya shi ne wanda aka yi ta haɗa barbara tsakanin wa da ƙanwa har zuri'a 20 a jere, sai ya zama kowane ɓera da ɗan'uwansa kamar an tsaga kara ta fuskar ƙwayoyin gado. Saboda haka, idan aka ga bambanci tsakanin rukuni biyu, ana iya jingina shi ga abinci ko magani ba tare da zargin gado ba.

Mai bincike ya fara zaɓen jinsi bisa ga tambayar da yake son amsawa. Jinsin ExHC na Japan kolestarol ɗinsa, wato wani nau'in maiƙo da ke cikin jini, ba ya hawa sosai sai an zuba masa shi a abinci, don haka ya dace da nazarin cima. Shi kuwa SHC, wanda shi ma daga Japan ya fito, nasa yana hawa ko da abinci na yau da kullum yake ci, tare da zubar furotin a fitsari da tabo a matatun ƙoda. Ɓeran Zucker mai ƙiba, wanda aka gano a Amurka a 1961, yana da tangarɗa a wurin da jiki ke karɓar saƙon sinadarin leptin mai sanar da ƙoshi, kuma daga cikinsa aka fitar da jinsin ZDF mai ciwon sukari. Ɓeran Dahl, wanda jininsa ke hawa idan ya ci gishiri da yawa, ya fi dacewa da wanda hawan jini ne damuwarsa. A ware rukunin kwatance, wato ɓerayen da ba za a ba su abin da ake gwadawa ba, daga tushe ɗaya, masu shekaru ɗaya, kuma kada a gauraya sakamakon maza da na mata, domin ƙodar namijin ɓera ta fi saurin lalacewa.

Inda na fi son a tsaya da kyau shi ne lokacin awo. A fara tun ɓerayen suna ƙanana, kafin wata alama ta bayyana, sannan a riƙa maimaitawa a kan kari. Akan saka ɓera a keji na musamman mai raba fitsari da kashi, a tara fitsarin awa 24 a auna furotin, a ɗebi jini a duba kolestarol da albumin (wani furotin na jini) da kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini), a kuma gwada hawan jini ta wutsiya. Dalilin wannan naci shi ne, ƙodar da ke yoyon furotin takan sa hanta ta ƙara sarrafa maiƙo, kolestarol ya hau, shi kuma maiƙon yana iya ƙara wa ƙodar rauni. Wanda ya jira sai ƙarshen gwaji zai tarar da cututtuka biyu a haɗe, ya kasa sanin wadda ta riga wata.

Kafin a taɓa dabba ko ɗaya, a nemi amincewar kwamitin ɗa'a, a ƙayyade mafi ƙarancin adadin da zai wadatar, a kuma tanadi awa 12 na haske da 12 na duhu. Ɓeran da ya rame ko ya kumbura kada a bar shi yana shan wahala.

Wajen fassara sakamako a yi hattara, domin ɓera ba shi da furotin ɗin CETP mai musayar kolestarol tsakanin ƙwayoyin da ke ɗaukar maiƙo a jini, wanda mutum yake da shi, kuma galibin kolestarol ɗinsa yana cikin HDL, wato nau'in da ake kira kolestarol mai kyau, shi ya sa jijiyoyinsa ba sa saurin toshewa irin na ɗan Adam. Abin da aka gani a jinsi ɗaya a sake gwada shi a wani jinsin kafin a danganta shi da marasa lafiya.