Yadda iyali a Jidda za su fara kallon barkwancin talabijin na Birtaniya

A fara da Mr. Bean. Rowan Atkinson ne ya fito a ciki daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal, kuma kusan babu magana, don haka Hajiya da ba ta jin Turanci da yaran da suka tashi da Larabci duk za su yi dariya tare. Ana samunsa a tasharsa ta YouTube. A sauke shi da intanet ɗin gida kafin a zauna bayan Isha, kada ya riƙa tsinkewa.

Mai son kaifafa kunnensa da Turanci ya wuce zuwa Fawlty Towers na BBC, kashi 12, na 1975 da 1979. A nan ake shan wuya, domin jarumin shirin, John Cleese, na zuba magana kamar ruwan sama. A rage saurin bidiyon zuwa 0.75, a kunna rubutun ƙasan allo na Turanci. A guji wanda na'ura ke rubutawa da kanta: dariyar 'yan kallo tana rufe murya, sai ta tsallake layi ko ta kawo shirme. Kowane kashi kusan minti 30 ne. A kalla sau biyu, na biyun ba rubutu.

Shirin Only Fools and Horses sai daga baya, domin da karin harshen 'yan kasuwar Landan ake magana a cikinsa.

BBC iPlayer, dandalin kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ba ya buɗewa a Saudiyya, na mazauna Birtaniya ne. Kuma maigida ya fara duba kowane kashi shi kaɗai, don wasu na da mashaya da zancen da bai dace da yara ba.