Masu bin Donner Pass lokacin ƙanƙara

Jama'a masu zuwa Reno daga Sacramento ta babbar hanyar I-80, don Allah ku kula da Donner Pass, wata mashiga a tsaunukan jihar California ta Amurka, tsayin wajen ya haura ƙafa 7,000 kuma in dusar ƙanƙara ta sauko har rufe hanyar ake yi. Kafin ka fito duba QuickMap, taswirar intanet ta Caltrans (hukumar sufuri ta California), ko an sa dokar ɗaura sarƙa a taya, kuma ka koyi ɗaurin tun a gida, ba sai yatsu sun daskare a bakin titi ba. Da sarƙa kar ka wuce mil 30 a awa. Cika tanki, ɗauki bargo da ruwa. Abin da ya fi damuna wallahi, in ka maƙale ka kunna inji don ɗumi, fita ka share ƙanƙarar da ta toshe salansa, don kar iskar gubar hayaƙin injin ta shigo motar, ba ta wari kuma kisa take yi.