Yadda Ake Buɗe Rediyon Honda da Ya Kulle Bayan An Cire Batir

Masu riƙe da Honda Accord 'yar Amurka, musamman ƙirar 2003 zuwa 2007 waɗanda dillalai ke kira EOD da DC, kusan dukkansu sukan gamu da wannan matsala ko ba jima ko ba daɗe. Ranar da aka cire batir, ko don a sauya shi, ko don a ba maƙwabci aro ya tayar da tasa motar, ko kuma mai walda ya cire shi kafin ya fara aiki, da zarar an mayar sai rediyo ya yi gum, allonsa ya nuna kalmar CODE kaɗai. Babu abin da ya lalace a cikinsa. Kamfanin ne ya ƙera shi haka don a karya gwiwar ɓarayin rediyo: duk lokacin da wuta ta yanke masa gaba ɗaya, sai ya ɗauka an fizge shi ne daga mota, ba zai sake yin magana ba sai an danna masa lambar sirrinsa mai alƙaluma 5. Batirin da ya yi sanyi ƙwarai, ko fis ɗin rediyo da aka zare, su ma suna jawo hakan.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan bayani shi ne yadda na sha ganin sababbin masu mota suna zubar da rediyo lafiyayye saboda wani ya ce musu ya mutu, alhali lambar da za ta buɗe shi tana nan, kuma sau da yawa ba a biyan ko kwabo a same ta.

Mataki na farko shi ne ka cire hannunka daga maɓallan. Kada ka fara gwada 11111 ko 12345, kada kuma ka bar yaran gareji su gwada, domin littafin motar ya fayyace cewa dama 10 kawai gare ka, kuma kowane canke yana cinye ɗaya daga ciki.

Daga nan sai ka binciki motar da kanta. Lokacin da aka sayar da ita sabuwa, an haɗa ta da wani ɗan kati mai girman katin banki, wanda ke ɗauke da lambobi biyu: lambar sirri mai alƙaluma 5, da lambar siriyal ta rediyon. Duba cikin jakar littafin mota in har ta biyo ta, duba ɗan akwatin ajiya da ke gaban fasinja, ka buɗe shi sosai ka leƙa gefunansa biyu na waje, domin a can ake yawan manna farar takarda mai ɗauke da lambar. Wasu masu motar na farko sukan rubuta ta da biro a shafin farko na littafin, wasu a murfin akwatin fis. Motar da ta ratso gwanjo da jirgin ruwa da tashar Kwatano ko Legas, ta kuma bi hannun dillalai biyu ko uku, da wuya katinta ya iso, amma takardar da aka manna takan tsira.

A nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, saboda haka zan ɗan tsaya. Ganin lamba a jikin takarda ba ya nufin an gama. Da farko, lambar da ke manne sau da yawa siriyal ce, ba lambar sirri ba, kuma hanyar bambance su mai sauƙi ce: lambar sirri alƙaluma 5 ce, kuma tun da ana shigar da ita ne ta maɓallan tashoshi guda 6, ba za ka taɓa samun 0 ko 7 ko 8 ko 9 a cikinta ba. Duk wanda ya miƙo maka lamba mai ɗauke da 8 ya ce ta wannan rediyon ce, to ko dai bai sani ba ko kuma kuɗinka yake so. Abu na biyu, wanda ya fi cin mutane, shi ne cewa lambar ta rediyon ce, ba ta motar ba. Rediyon waɗannan motoci, musamman na shekarun farko, an san shi da matsalar mutuwar hasken allo, kuma saboda haka an sauya da yawa daga cikinsu, wasu tun a Amurka, wasu a nan da na gwangwani daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Idan an sauya, lambar da ke jikin akwatin ajiya ta tsohon rediyon ce da ya riga ya tafi, kuma ko sau ɗari ka danna ta ba za ta buɗe wanda ke gabanka ba. Na ga mutum ya ƙone damarsa 10 cif yana maimaita lamba ɗaya, yana zaton yatsansa ne ke kuskure. Ƙa'idata ita ce: lamba ɗaya, gwaji biyu. In ta ƙi sau biyu a tsanake, ba ita ba ce.

Mafita ita ce ka sa rediyon ya faɗi siriyal ɗinsa da kansa. Murɗa makulli zuwa matsayi na I ko na II ba tare da ka tayar da injin ba. Tabbatar rediyon a kashe yake, wato allon ba ya nuna CODE. In yana nunawa, danna maɓallin kunnawa ya mutu. Sai ka danne maɓalli na 1 da na 6 tare da hannu ɗaya, kana riƙe da su ka danna maɓallin kunnawa da ɗaya hannun. Allon zai fara nuna rubutu biyu bi da bi: ɗaya mai farawa da harafin U da alƙaluma 4, ɗaya mai farawa da harafin L da alƙaluma 4. Ka jefar da haruffan, ka rubuta na U a gaba, na L a baya, ka sami alƙaluma 8, su ne siriyal. Ina ba da shawarar a ɗauki bidiyon allon da waya maimakon a dogara da ido, saboda a kan allon da ya tsufa 3 da 8 da 9 suna kama da juna, kuma kuskuren alƙalami ɗaya yana nufin za a ba ka lambar rediyon wani. Idan siriyal ɗin da allon ya nuna ya saɓa da wanda ke manne a akwatin ajiya, ka tabbatar an sauya rediyon, ka manta da takardar.

Tsofaffin ƙira, irin su mafi yawan Baby Boy, wato Accord ɗin da ta gabaci EOD, da waɗanda suka gabace ta, ba sa nuna siriyal a allo. Dole a kwance rediyon a karanta takardar da ke jikinsa, kuma wannan aikin mai wayarin ne, domin robobin dashbod da suka sha ranar shekara ashirin suna karyewa da ɗan ƙaramin ƙarfi. Haka ma idan allon EOD ɗinka ya mutu.

Abu na gaba shi ne lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tana da haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a kusurwar ƙasa ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Kwafe ta daga jikin mota, kada ka kwafe daga takardun rajista, domin masu buga takardu sukan yi kuskure. Babu harafin I ko O ko Q a cikin lambar shasi, saboda haka duk abin da ya yi maka kama da O sifili ne. Wadda ta fara da 1HG an ƙera ta a Amurka, wadda ta fara da JHM a Japan.

Da siriyal da lambar shasi a hannu, sai ka shiga shafin intanet da kamfanin Honda na Amurka ya ware musamman don lambobin rediyo da na'urar taswira. Kyauta ne. Zai nemi waɗannan lambobi biyu, da adireshin imel, da lambar waya, da lambar yankin gidan waya ta Amurka, wadda takan kasance a cikin takardun mallaka ko na gwanjo da suka biyo motar, kuma wannan dalili ne mai kyau na karɓar kwafinsu daga dillali tun ranar ciniki. Shafin na motocin da aka sayar a kasuwar Amurka ne. Idan taka 'yar Turai ce, irin waɗanda ake kira Beljiyam, sai dai ka bi ta wakilin kamfanin da takardun motarka, ko ta wurin mai wayarin da ya san aikin. A nan ina jan kunne game da kuɗi: akwai manhajojin waya da mutane a Facebook da WhatsApp masu sayar da lamba, wasu na gaskiya ne, wasu canke suke yi. Kada ka tura kuɗi kafin aiki. Mai wayarin da ke gabanka, wanda za ka biya bayan rediyo ya yi magana, ya fi wanda ba ka taɓa gani ba ko da nasa ya fi tsada. Wanda kuma bai tambaye ka siriyal ba tun farko, ba shi da inda zai samo lambar.

Shigar da lambar ba ta da wuya. Kunna rediyon har CODE ya bayyana, sai ka danna alƙaluman ɗaya bayan ɗaya a maɓallan tashoshi. Idan daidai ce, da ka danna na biyar zai yi ɗan ƙara ya buɗe. Idan ka yi kuskure a tsakiya, kada ka tsaya ka koma farko, ka cika alƙaluma 5 ɗin tukuna sannan ka sake, in ba haka ba za ka cakuɗa gwaji biyu ka yi asarar duka. Motar da ke da na'urar taswira tana da wata lamba daban mai alƙaluma 4, ita ma da nata siriyal. Idan kuwa an riga an ƙone damar 10 kafin motar ta zo hannunka, allon zai tsaya a kan ERR ya ƙi karɓar komai, kuma abin da littafin ya ce shi ne a bar rediyon a kunne awa ɗaya cur kafin a sake gwadawa. Yi hakan a matsayi na I, fitilu da fanka a kashe, ko kuma a lokacin doguwar tafiya, don kada batirin ya mutu a koma gidan jiya. Masu wayarin sukan gajarta jiran ta hanyar cire kan batir mai alamar ragi na 'yan mintoci su mayar.

A sababbin ƙira, daga Accord ta 2013 zuwa sama, yawanci ba a ma buƙatar lambar: ka kunna mota, ka danne maɓallin kunna rediyo fiye da daƙiƙa biyu, na'urar za ta tantance cewa tana cikin motarta ta asali ta buɗe.

Mutane da yawa idan sun gaji sukan ce a cire rediyon kawai a sa allon Android. Ba na goyon bayan wannan a EOD. Maɓallan na'urar sanyaya mota suna haɗe da rediyon a fuska ɗaya, kuma allo mai araha yakan zo da matsalar sarrafa sanyi, ga yanke wayoyi da ake yi wanda daga baya yake shanye batir cikin dare. Kuɗin allon ya ninka na neman lamba sau da yawa. In Bluetooth kake so, akwai ƙananan na'urori da ake jonawa a bayan rediyon asali.

Sauran aikin shi ne hana maimaituwa. Rubuta lambar a wayarka da kuma cikin takardun mota, amma kada ka manna ta a fuskar rediyon. Idan za a sauya batir kuma ba ka da lambar tukuna, a jona wani batir mai bolt 12 da wayoyi kafin a kwance tsohon: jar waya a kan maƙalar tarawa ta motar, wato mai alamar +, baƙar waya a jikin ƙarfen mota, a naɗe maƙalar tarawa da tsumma don kada ta taɓa ƙarfe tun da akwai wuta a jikinta, a kuma rufe ƙofofi. Akwai ma ƙaramar na'ura da ake sokawa a ramin da ake jona kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari, tana riƙe wutar. Ramin kunna sigari ba zai yi ba a wannan motar, domin yana mutuwa da an zare makulli. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne dabarar nan ta cire batir injin yana aiki. Rediyon ba zai kulle ba, gaskiya ne, amma batir shi ke daidaita wutar da altaneta ke bayarwa, kuma idan babu shi wutar tana iya yin tsalle ta ƙone altanetar ko ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya fi na rediyo nesa ba kusa ba. Wajen kwancewa, sifana mai lamba 10 ta isa, a fara cire kan ragi, a mayar da shi a ƙarshe.

Bayan rediyo ya buɗe, tashoshin da ka adana sun goge, sai ka sake sa su, agogo kuma ana saita shi da maɓallan 4 da 5 masu alamar H da M. Idan gilashin direba ya daina hawa da kansa, sauke shi ƙasa gaba ɗaya, ka ɗaga shi har ya rufe, ka ci gaba da riƙe maɓallin na daƙiƙa biyu. Masu Golf da sauran motocin Volkswagen su lura cewa nasu rediyon SAFE yake nunawa, lambarsa alƙaluma 4 ce, kuma kuskure biyu kawai ya isa ya kulle na awa ɗaya, siriyal ɗinsa kuma a jikin ƙarfen rediyon yake, sai an zaro shi.